Wa Ke Biyan Kuɗin Araha? Tarihin Cefane a Birnin Zazzau

 Yau shirin namu kasuwa zai shiga, kuma ba wata mai nisa ba, ta cikin birnin Zazzau.

Duk mai yin cefane a Zariya ya san irin labarin da ke yawo kowane mako. Wani ya bugo waya ya ce tiyar masara ta sauko a Giwa. Wata ta ce kar a sayi tumatir yau, a bari sai kaya sun shigo Ɗan Magaji. Magidanci ya ji an ce wake ya fi sauƙi a Tudun Wada, sai ya hau mashin ya kashe kuɗin da ya fi ragin da ya je nema. Kowa dai araha yake bi, kuma ba laifi ba ne, aljihu ne ya ce a yi haka. To amma ga tambayar da nake so mu bi ta cikin tarihi: idan abinci ya yi araha a kasuwar birni, wa ya biya bambancin? Domin hatsi ba ya noma kansa, ba ya kuma kawo kansa kasuwa.

Mu fara da ganuwa. Ganuwar Zazzau ta kai kusan kilomita 15 in ka zagaye ta, kuma waɗanda suka gina ta ba gidaje kaɗai suka kewaye ba. Sun haɗa da gonaki da fadamu da kududdufai, ga rafin Kamaca yana ratsa garin. Dabara ce ta yaƙi: in abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya, a rufe ƙofofi a ci gaba da noma a ciki. Amma a lokacin zaman lafiya, wannan dabarar ita ce ta ba birni kayan miyarsa. Kuɓewa da yakuwa da alayyafo da albasa ba sai sun yi tafiyar kwana ba, da safe a tsinko, kafin hantsi suna kan faifai a kasuwa. Lokacin da Baturen nan ɗan yawon duniya Hugh Clapperton ya shigo Zariya a 1826, ya rubuta cewa ya ga gonaki da fadamu a cikin ganuwa, ya kuma ƙiyasta mutanen garin tsakanin 40,000 zuwa 50,000. Wato kun ga, abin da Turawa ke tinƙaho da shi yau, kasuwar da manomi ke kawo kayan gonarsa kai tsaye ga mai ci, kakanninmu da shi suka tashi.

Sai dai gari mai mutum dubu arba'in ba ya ƙoshi da lambun cikin ganuwa. Dawa da gero daga ƙauyuka suke shigowa, ta Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona da Ƙofar Kuyambana da sauransu, a kan jakuna da takarkarai da kawunan mutane. Ga kuma kayan nesa. Zazzau ita ce ƙasar Hausa ta can kudu, ita ce ƙofar shiga ƙasar Nupe da ta Gwari da kwarin Binuwai. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarauniya Amina Sarkin Nupe ya aiko mata da goro 10,000, kuma a lokacinta ne goro ya yawaita a ƙasar Hausa. Masana na jayayya kan ko a ƙarni na 15 ta yi zamani ko a na 16, wannan mu bar musu. Abin da ya shafe mu shi ne, tun wancan lokacin kasuwar Zazzau mahaɗa ce: gishiri da kanwa da dabbobi su gangaro daga arewa, goro da manja da doya su hauro daga kudu.

To yaya ake sa farashi a irin wannan kasuwa, babu rasiɗi, babu sikeli, babu allon da aka rubuta kuɗin kaya?

A nan ne nake so mu ɗan daɗe, don mutane da yawa suna zaton kasuwar gargajiya hayaniya ce kawai. Ko alama. Kasuwar ƙasar Hausa tana da hukuma. Akwai Sarkin Kasuwa mai raba rumfuna da kashe rigima. Akwai Sarkin Pawa a kan mahauta, akwai Sarkin Dillalai. Ɓangaren hatsi kuwa yana hannun ma'auna, kuma a garuruwa da dama shugabarsu mace ce, ana ce mata Korama. Manomi ba ya zuwa ya baza hatsinsa ya tsaya jiran mai saye. Ma'auni yake kai wa, shi ya auna, ya sayar, ya ɗauki rabonsa. Haka dillali a ɓangaren tufafi da dabbobi, ya haɗa ciniki ya karɓi la'ada. Kuma dillali ba ɗan cin banza ba ne, shi ne shaidar ciniki, sunansa ne jarinsa. Clapperton ɗin nan ya ba da labarin abin da ya gani a kasuwar Kano a 1824: ana rubuta sunan dillali a sa cikin ƙunshin riga, in aka kai ta har Barno aka buɗe aka ga aibi, sai a dawo da ita, dole dillalin ya nemo mai ita a mayar da kuɗi. Garanti ke nan, shekara ɗari biyu da suka wuce.

Shi kansa cinikin yana da ƙa'idarsa, wadda har gobe da ita muke aiki. Mai kaya ya ce ka taya. Ka taya, ya ce albarka. Ka ƙara, ya ce albarka. Har ku kai inda zai ce ya sallama, daga nan kuma ciniki ya faɗa, babu ja da baya. Sannan a zo kan gyara, ɗan abin da ake ƙara maka bayan an gama awo. Ku lura da wannan, don a nan sirrin yake. A kasuwar abinci sau da yawa kuɗin ba ya motsi, awon ne ke motsi. Kashin tattasai yana nan a kuɗinsa na jiya, amma jiya bakwai ne yau biyar. Mudu yana nan, amma yau an cika shi ya yi tozo har ma'auni ya tare da hannu, gobe kuma an shafe bakinsa. Wanda ya iya cefane ba kuɗi kaɗai yake tambaya ba, hannun mai awo yake kallo, yana kuma duba gindin mudun ko an bubbuge shi ya shige ciki.

Wannan matsala tsohuwa ce ƙwarai. Malaman jihadi sun yi ta faɗa a kan tauye mudu, da mai saye da babban mudu ya sayar da ƙarami, suna kafa hujja da Suratul Muɗaffifina. A cikin Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa abubuwan da yake tuhumar sarakunan Haɓe da su, har da abin da masu kula da kasuwa ke karɓa daga hannun masu ciniki, da naman da ake karɓa wurin mahauta duk ranar kasuwa, wanda ake kira tawasa. Ashe ke nan kasuwa tana cikin abubuwan da aka yi jihadi a kansu. Ko bayan jihadin an daina karɓe-karɓen? A gaskiya haraji bai tafi ko'ina ba, masu karɓa ne suka canza.

Yanzu ga ɓangaren da ba a cika son faɗa ba.

Bayan Malam Musa ya karɓi Zazzau a farkon ƙarni na 19, Sarki Makau ya yi kudu zuwa Zuba, ɗan'uwansa Abu Ja kuma ya kafa Abuja ta asali a 1828, wadda yau ake kira Suleja. Sabuwar masarautar ta faɗaɗa sosai, Keffi da Nasarawa da Jama'a duk suna ƙarƙashinta suna kawo gaisuwa, ita ma tana kai tata Sakkwato. Babban abin da ke cikin wannan gaisuwa bayi ne. Kuma ba duka ake wucewa da su ba. Sarakuna da masu sarauta da attajirai sun kafa rinjoji a kewayen birni, wato ƙauyukan bayi masu noma gandun ubangijinsu. Wata tsohuwa da ake kira Baba, 'yar Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, ta bayyana yadda rinjin gidansu yake: bayi su fita gandu da safe, a kai musu abinci gona, sai bayan sun tashi daga aikin ubangiji su juya ga 'yan gayaunansu. Rumbunan manyan birni da wannan hatsi suke cika, da shi ake ciyar da dawaki da dogarai da baƙi da almajirai, rarar kuma ta gangaro kasuwa. Saboda haka in ka ji ana cewa a zamanin da abinci banza ne a Zazzau, ka tambaya gumin wa ne. A kasuwar da ake auna dawa, a nan gefe ake tayin mutum. Turawan da suka ratsa garin a ƙarshen ƙarnin, irin su Paul Staudinger ɗan Jamus da Charles Robinson ɗan Ingila, sun tarar da cinikin bayi yana ci. Sai a 1901 Lugga ya yi dokar da ta hana cinikin, ta kuma ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, amma bautar kanta ba a soke ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936.

Shi ma talaka ɗa bai tsira ba. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa a ƙasar Zazzau a kan fartanya ake biyan haraji, wuri 500 kowace ɗaya. Harajin kuɗi kuwa yana nufin dole ka kai hatsi kasuwa da kaka, lokacin da kowa ke kaiwa, lokacin da ya fi arha. Ku riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da shi.

Tunda an ambaci wuri, bari in ɗan ratse. Matasa da yawa suna zaton faɗuwar darajar kuɗi da naira ta fara. A zamanin Barth, wuri 2,500 ke sayen dala ɗaya ta azurfa a Kano. Kafin ƙarshen ƙarnin kuɗin ya kusa ninkawa, saboda jiragen Turawa sun yi ta jibge wuri a bakin teku yana kwararowa arewa. Wuri 20,000 shi ne keso ɗaya, kaya guda na ƙaƙƙarfan namiji. Robinson ya ba da labarin dokinsu da ya yi rashin lafiya a hanya suka rasa yadda za su sayar da shi, domin kuɗinsa sai an ɗauki 'yan dako goma sha biyar, ladansu kuma zai cinye kuɗin dokin har ya nemi ƙari. Turawa sun hana shigo da wuri a 1904, aka kawo anini da ɗari da kwabo da taro da sisi da sule. Naira kuwa jiya-jiya ta zo, 1 ga Janairun 1973.

Abin da ya fi canza kasuwar birni ba dokar Turawa ba ce, jirgin ƙasa ne. Turawa sun shiga Zariya a 1902, suka tuɓe Sarki Kwasau, aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903. A 1911 layin dogo daga Baro zuwa Kano ya iso, amma tashar ba a cikin birni aka yi ta ba, can arewa aka kai ta, hayin Kubanni. Kamfanonin Turawa suka kafa kantunansu kusa da tasha, ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga kudu suka zauna a Sabon Gari, baƙi 'yan Arewa kuma aka ba su Tudun Wada. Daga baya aka ja ƙaramin layi zuwa Jos wurin haƙar kuza, aka kuma ja wani zuwa Gusau da Ƙaurar Namoda. Sannu a hankali babban ciniki ya bar cikin ganuwa ya bi ƙarfen jirgi. Shi ya sa har yau mutumin birni in zai yi babbar sayayya sai ya fita ta Ƙofar Doka. Kasuwar birni da ta Amaru suka zama na cefanen yau da gobe da kayan sana'ar gida.

Turawa auduga suke so. Sun kafa injin gurzar auduga a Zariya, suna mafarkin ciyar da masaƙun Lankasha. Da farko sun sha kunya, don masaƙan gida sun fi su tayi mai kyau, manomi kuma ba wawa ba ne. Amma haraji yana nan, yanzu ma da kuɗin Bature ake biya, don haka gona ta rabu biyu, rabi abinci rabi abin sayarwa. Shekarar da ruwa ya ƙi, sai rumbu ya tona asiri. An ga haka a yunwar 1914, aka sake gani a ta 1927 wadda ake kira 'Yar Buhu. Ƙasar Zazzau ta fi Kano da Katsina samun ruwan sama, saboda haka duk lokacin da arewa ta shiga fari, nan ake gangarowa neman hatsi, farashi kuma ya tashi har ga mutumin birni da ke zaune a tsakiyar masu noman.

Yadda hatsi ke shigowa birni bai canza sosai ba tun daga lokacin, abin hawa ne kawai ya canza. Kasuwar birni kullum take ci, na ƙauye kuwa kowace da ranarta: Anchau ran Talata, Maƙarfi ran Laraba, Giwa ran Alhamis da Lahadi. 'Yan kwarami su bi ƙauyuka su tara mudu-mudu har ya zama buhu, da a kan jaki, yau a kan mashin da a-kori-kura. Dillali ya haɗa su da 'yan sari, 'yan sari su kawo wa ma'auna. Kowane hannu da ɗan rabonsa. Mutane suna son zagin waɗannan 'yan tsakiya, ni kuwa ina ganin ba su ne babbar matsalar ba, don wanda ya taɓa bin hanyar ƙauye da marka ya san ba kuɗin banza suke ci ba. Matsalar tana ga lokaci. Da kaka manomi yana da bashin taki, ga biki, ga kuɗin makaranta, dole ya sayar a lokacin da kasuwa ta cika ta batse. Mai kuɗi ya saya ya ajiye. Da damina ta yi nisa rumbun manomin ya ƙare, sai ya dawo ya sayi hatsin da shi ya noma, da tsada. Wanda abin ya fi matsa wa har falle yake ci, ya karɓi kuɗi ko hatsi da damina a kan zai biya da dami in an girbe. Arahar da muke murna da ita a watan Nuwamba da Disamba, daga wannan matsin take fitowa.

Akwai kuma wata kasuwa da ba ta da rumfa ko ɗaya. A cikin birni, inda matan aure da yawa ba sa fita kasuwa, kusan kowane gida masana'anta ce: fura, ƙosai, waina, ɗanwake, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, daddawa. Yara su kai talla, kuɗi ya dawo ya shiga adashi. Wata mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta kira wannan ɓoyayyen ciniki, ta nuna cewa hatsi mai yawa a cikin gidaje yake canza hannu ba tare da ya taɓa ganin kasuwa ba. Emmy Simmons ta jami'ar Ahmadu Bello ta ga irin haka a ƙauyukan kewayen Zariya a farkon shekarun 1970. Waɗannan mata su ne suka fi kowa sanin farashi, domin ribarsu ba ta wuce tozon mudu ba. In wake ya tashi, ba za su iya ƙara wa ƙosai kuɗi nan take ba, sai dai ƙosan ya rame.

Wani abin da zai ba matasa mamaki: masarar nan da ta cika kasuwanninmu, har muke ganin tuwonta ne abincin gado, baƙuwa ce a matsayin babban abinci. Kakanninmu dawa da gero suka sani, masara ta bayan gida ce, a gasa a ci da damina. Abin ya juya ne daga tsakiyar shekarun 1970, lokacin da aka kafa shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, aka kawo sabon irin masara daga cibiyar bincike ta Ibadan, ga takin zamani da gwamnati ta sa wa rangwame mai yawa, ga masanan Samaru, inda ake binciken noma tun 1922, suna ta gwaji. Masara ta fi dawa yawan amfani nesa ba kusa ba, sai dai ba ta yi sai da taki. Daga ranar da muka koma masara, farashin tuwonmu ya ɗaure da farashin taki, farashin taki kuma ya ɗaure da dala. A wancan zamanin gwamnati ce ke biyan kuɗin arahar, da kuɗin man fetur. Da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, rangwamen taki ya yi ta tangal-tangal, nauyin ya fara komawa kan manomi.

Sauran labarin kuwa da idonku kuka gani. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, gidaje da yawa suka koma kauɗa da na gwangwani. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, shinkafa ta tashi. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace, kasuwannin ƙauye suka koma farashi biyu, na kuɗi hannu daban na taransifa daban, manomin da ba shi da asusun banki ya sayar da kayansa a wulaƙance don kawai ya riƙe takarda. Sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci ran 3 ga Maris. Ran 29 ga Mayun shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota daga Giwa zuwa birni ya shiga cikin kowace tiya. Zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a ƙasar ta haura kashi 40 cikin ɗari a lissafin hukumar ƙididdiga, gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da masara da shinkafa da alkama da wake ba haraji na kwana 150.

A 2025 hatsi ya sauko, mutanen gari suka ce alhamdu lillahi, kuma wallahi sun cancanci wannan numfashin bayan wuyar da aka sha. Amma taki bai sauko tare da shi ba. Manoma a ƙasar Zazzau sun yi ta kukan cewa sai mutum ya sayar da fiye da buhun masara ɗaya kafin ya sayi buhun taki ɗaya, wasu suka rage gonar masara suka koma dawa da waken suya, waɗanda ba su cika cin taki ba. Abin da manomin Giwa ko Soba ya yanke a ransa ranar shuka, mu a cikin birni ba ma jin labarinsa sai bayan wata goma ko fiye, ranar da muka tsaya gaban ma'auni a kasuwar birni muka tambayi kuɗin tiya.

A nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.